Muna da Littafin Bashi da na Adashe, Ina Littafin Zuciya?

 

Mu da aka ɗora wa nauyin rubutun ƙungiya, kusan babu wani lamari na farin ciki ko na baƙin ciki da ba ya bi ta hannunmu. Mu ke rubuta sunan wanda aka kwantar a asibiti, mu rubuta gudummawar da aka tara masa, mu rubuta sanarwar rasuwa idan ta Allah ta kasance. A 'yan shekarun nan akwai wasu kalmomi da muke yawan ji a wajen dubiya da zaman makoki, har sun fara ba mu tsoro. Za ka ji an ce, "Ai tunani ne ya yi masa yawa." Ko a ce, "Ta daɗe ba ta barci, amma ba ta gaya wa kowa ba." Ko kuma, "Wallahi jiya ma muna tare a majalisa, ba mu ga alamar komai ba."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta fi damun mu. Mutum yana tare da mu kullum, muna sallah sahu ɗaya, muna cin tuwo kwano ɗaya, amma abin da ke cin sa a zuci ba mu sani ba. Wani lokaci shi kansa bai san takamaiman abin da ke cin nasa ba, kawai dai yana jin ƙirjinsa ya yi nauyi. Shi ya sa a yau muka zo da wata shawara mai sauƙi, wadda ba ta buƙatar kuɗi masu yawa: kowane baligi a cikinmu ya mallaki ɗan littafi guda, mai 'yan tambayoyi da zai riƙa amsa wa kansa a rubuce, don ya san halin da zuciyarsa ke ciki. Muna kuma roƙon iyalai su ɗauki wannan littafi a matsayin amana, kada wani ya buɗe na wani.

Mun san akwai waɗanda za su yi dariya. Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, sannan ku yanke hukunci.

Halin da ake ciki

Ba sai mun gaya wa kowa irin matsin da ake sha ba. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Chinade zuwa Azare ya canza, kuɗin taki ya canza, kuɗin magani ya canza, kwanon masara da na gero sun canza. A daminar 2024 ruwa ya yi ɓarna a arewacin jihar nan, har ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, gonaki da gidaje suka salwanta. Muna da matasa da suka gama karatu a kwalejin ilimi ta Azare ko jami'ar jiha da ke Gaɗau, takarda na cikin akwati, aiki babu. Muna da magidanta da ke fita da asuba ba don suna da wurin zuwa ba, sai don kada a tambaye su kuɗin cefane. Muna da mata da ke ɗauke da ciki ko goyo, ga aikin gida, ga rashin wanda za su gaya wa damuwarsu.

A kan wannan kuma ga tarbiyyar da muka tashi da ita. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. An koya mana cewa namiji ba ya kuka, mace ta gari ba ta kai ƙarar gidanta. Idan aka ce maka "ina gajiya", amsa ɗaya ce, "ba gajiya", ko da kuwa ka kwana uku ba ka runtsa ba. Wannan tarbiyya tana da kyau ta wani gefen, domin ta hana mu zama masu tallan asirinmu a titi. Amma ta bar mu da wata matsala: abin da ba za ka iya gaya wa matarka ba, ba za ka iya gaya wa abokinka ba, ba za ka iya gaya wa mahaifinka ba, ina za ka kai shi? Wasu sun kai shi wajen ƙwaya da kayan maye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Wasu kuma sun sauke shi a kan iyali, da tsawa da duka da saki. Wasu sun haɗiye shi har jiki ya gaza.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawa ciwon damuwa ne da fargaba, ba irin haukan da muke gani a bola ba. Ta kuma ce kusan mace ɗaya cikin biyar kan shiga irin wannan hali lokacin goyon ciki ko a shekarar farko bayan haihuwa. A Najeriya kuwa, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha nanata cewa ƙwararrun da suka rage a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. A watan Janairun 2023 ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta samu, amma doka ba ta zama likita a ƙauye. Kafin likitoci su wadata, dole mu nemi abin da za mu iya yi da hannunmu.

Wane irin littafi muke nufi?

Ba wani littafi ne da sai an yi odarsa daga waje ba. A ƙasashen Turai da Amurka ana buga irinsa ana sayarwa, kowane shafi da tambaya a samansa da fili a ƙasa inda mutum zai rubuta amsa. Mu ba ma buƙatar wannan. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta mai falle 40 ko 60 ya isa, da biro guda. Abin da ya bambanta shi da rubutun kara-zube shi ne tambayoyin. Idan ka ba mutum farar takarda ka ce ya rubuta abin da ke ransa, sai ya zauna yana kallon ta. Amma idan ka yi masa tambaya takamaimai, amsa za ta fito.

Ga tambayoyi shida da muke ba da shawarar a rubuta a bangon littafin daga ciki:

1. Yaya barcina da cin abincina suka kasance yau?
2. Wane abu ne ya fi tsaya mini a rai yau, kuma me na ji a jikina lokacin da ya faru?
3. Me na gaya wa kaina game da abin? Wace hujja nake da ita cewa haka ne, wace hujja ce kuma ke nuna ba lallai haka ba ne?
4. A cikin wannan matsala, mene ne ke hannuna, mene ne ba ya hannuna?
5. Wane abu ɗaya, komai ƙanƙantarsa, zan yi gobe a kai? Wa zan iya tuntuɓa?
6. Waɗanne abubuwa uku na alheri na samu yau da suka cancanci godiya?

Minti goma zuwa sha biyar sun isa, bayan sallar isha'i ko bayan asuba. Ba dole sai kullum ba, sau uku a mako ma ya yi. Ba a duba kyan rubutu, ba a duba ƙa'idar rubutu, babu malamin da zai sa maki.

Bari mu kawo misali. A ce wani magidanci manomi ne, ya ci bashin taki, ruwa ya cinye gonar, mai bashi ya aiko sau biyu. Da dare yana kwance, abin da ke yawo a kansa shi ne, "Na gama yawo, mutuncina ya zube, kowa a garin nan ya san ni maci bashi ne." Wannan tunani zai iya zagaya kansa sau ɗari kafin asuba, kuma kowane zagaye yana ƙara girma. Idan ya tashi ya rubuta, tambaya ta uku za ta tilasta masa ya tsaya: shin da gaske kowa ya sani? A'a, mutum biyu ne suka sani. Shin ya taɓa cin bashi ya biya a baya? Ƙwarai, sau da yawa. Tambaya ta huɗu za ta raba masa kaya biyu: ambaliya ba ta hannunsa, amma zuwa wajen mai bashi da wani dattijo a nemi a raba biyan kashi-kashi yana hannunsa. Tambaya ta biyar za ta sa ya rubuta sunan dattijon da lokacin da zai je. Bashin bai ragu da ko sisi ba, amma mutumin da ya kwanta bayan wannan rubutu ba ɗaya yake da wanda ya kwana yana juyi ba. Na farko yana da abin yi gobe, na biyu kuwa tsoro kawai yake da shi.

Ina hujja?

Ba da ka muka zo da maganar ba. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a jihar Texas ta Amurka, James Pennebaker, tare da abokiyar aikinsa Sandra Beall, sun sa wasu ɗaliban jami'a su riƙa rubutu na minti 15 kwana huɗu a jere. Wasu an ce su rubuta a kan abubuwa na yau da kullum marasa nauyi, wasu kuma a kan wani abu mai ciwo da ya taɓa samun su. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru tare da yadda suka ji a ransu, sun ɗan ji ba daɗi daf da gama rubutun, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya yi ƙasa da na sauran. Daga nan aka yi ta maimaita irin wannan gwaji a wurare da dama. Gaskiyar da ya kamata mu faɗa ita ce, da aka tattara sakamakon gwaje-gwajen, an ga amfanin yana nan amma matsakaici ne, ba kowa yake yi wa aiki daidai ba. Mu ma abin da muke cewa ke nan: taimako ne, ba mu'ujiza ba.

Tambaya ta uku kuwa ta samo asali ne daga aikin wani likitan ƙwaƙwalwa, Aaron Beck, wanda tun shekarun 1960 ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu kai tsaye, irin su "ba ni da amfani" ko "ba zan taɓa fita daga wannan ba", kuma suna karɓar su kamar gaskiya ba tare da bincike ba. Hanyar jinyar da ya kafa tana sa majiyyaci ya rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya zo masa, da hujjar da ke goyon bayan tunanin da wadda ke karya shi. Har gobe ana amfani da wannan hanya a asibitoci a faɗin duniya.

Tambaya ta shida ma an gwada ta. A 2003 wasu masana biyu, Robert Emmons da Michael McCullough, sun wallafa binciken da suka sa wasu mutane su riƙa rubuta abubuwa biyar na godiya kowane mako har mako goma, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Masu rubuta godiyar sun fi nuna gamsuwa da rayuwarsu da kyakkyawan zato ga abin da ke tafe. Haka kuma a 2018 wani ƙaramin gwaji a jami'ar Baylor ya nuna cewa waɗanda suka ɗauki minti biyar kafin kwanciya suka rubuta ayyukan da ke jiran su, sun fi saurin yin barci a kan waɗanda suka rubuta ayyukan da suka riga suka gama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da ka ajiye a takarda, ƙwaƙwalwa ba ta buƙatar ta yi ta riƙon sa tana tuna maka cikin dare.

Kowane ɗan kasuwa a kasuwar Azare ya san wannan. Me ya sa mai shago ke da littafin bashi? Me ya sa uwar adashe ke rubuta wanda ya zuba da wanda ya ɗauka? Saboda kai ba ya riƙe komai daidai, yana ƙara wani abu ya rage wani. Mun yarda da wannan a kan naira da kwabo, amma ba mu yarda da shi a kan abin da ke hana mu barci ba.

Masu cewa aikin Turawa ne

Wannan ita ce magana ta farko da muka san za a yi. Amsarmu ita ce, zama ka yi wa kanka hisabi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Malamanmu suna kiran sa muhasaba. Akwai babban malami da ya rasu a Bagadaza a shekarar 857 miladiyya, Harisu al-Muhasibi, wanda laƙabinsa ma daga yawan yi wa kai hisabi ya samo shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin littafinsa Ihya'u a kan lura da kai da yi wa kai hisabi, inda ya kwatanta al'amarin da yadda ɗan kasuwa ke zama da abokin cinikinsa a ƙarshen rana su duba riba da asara. Abin da muka ƙara kawai shi ne biro da takarda, da kuma faɗaɗa hisabin ya haɗa da lafiyar jiki da ta zuciya.

Wasu za su ce mai tawakkali ba ya buƙatar wannan. Mu kuwa muna ganin tambaya ta huɗu, wadda ke raba abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka, ita ce ke nuna maka inda aikinka ya tsaya da inda za ka miƙa wa Allah. Littafin ba ya maye gurbin addu'a, kamar yadda shan maganin zazzaɓi bai maye gurbinta ba. Kuma muna roƙon mu daina gaya wa mai ciwon damuwa cewa raunin imani ne ke damun sa. Wannan magana tana ƙara masa ciwo a kan ciwo, tana kuma sa ya ƙara rufe bakinsa.

Masu cewa yunwa ce matsalar

Gaskiya ne, kuma ba za mu yi musu ba. Littafi ba ya cika tukunya, ba ya biyan kuɗin makaranta. Duk wanda ya ce wa mai jin yunwa ya je ya yi rubutu ya ƙoshi, ya raina masa hankali. Haƙƙin da ke kan shugabanni na samar da aiki, taki, tsaro da asibiti yana nan, kuma ba za mu daina tuna musu ba. Amma mu duba da kyau: gida biyu ne, talaucinsu ɗaya, a ɗaya ana zaune ana shawara, a ɗayan an yi saki an watse. Bambancin sau da yawa yana ga yadda mutanen gidan suka iya riƙe kansu a lokacin matsi. Mutumin da damuwa ta hana shi barci mako biyu ba ya iya ciniki da kyau, ba ya iya tuƙa babur da natsuwa, ba ya iya yi wa yaro magana da taushi. Kula da zuciya wani ɓangare ne na neman abincin kansa.

Maganar asiri

Nan ne muke ganin babban haɗarin yake, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Gidajenmu gidajen yawa ne. Ɗaki ɗaya mutum huɗu, akwati ɗaya hannu goma. Idan mace ta rubuta cewa maganar da mijinta ya yi mata ta ƙona mata rai, sai mijin ko kishiya ko uwar miji ta ɗauka ta karanta, abin da aka yi don magani zai iya zama sanadin mutuwar aure. Idan budurwa ta rubuta damuwarta, yayanta ya karanta ya kai majalisa, an cuce ta.

Saboda haka muna magana da magidanta kai tsaye, mu ma muna ciki. Idan ka ga matarka ko 'yarka ko ɗanka da irin wannan littafi, kada ka buɗe. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, kuma bai ware na cikin gida ba. Abin da mutum ya rubuta cikin fushi da dare ba shi ne hukuncinsa na ƙarshe a kanka ba, hasali ma rubutawar ce ta hana shi furta maka. Idan kana son sanin abin da ke ran iyalinka, hanya ita ce ka zauna ka tambaya da sakin fuska.

Ga mai rubutun kuma, ga dabaru. Kada ka rubuta cikakken sunan kowa, sa harafi ɗaya ko wata alama da kai kaɗai ka gane. Kada ka rubuta asirin wani da ya ba ka amana. Idan ba ka da wurin ajiya mai makulli, rubuta a falle guda, ka karanta, ka yaga ka ƙona. Yawancin amfanin yana cikin rubutawar ne, ba a ajiyewar ba. Mai wayar hannu zai iya rubutawa a cikinta ya sa lambar sirri, amma ya tuna waya tana ɓata, tana kuma zuwa wajen mai gyara da wajen masu caji. Sannan a kiyaye: Facebook da WhatsApp ba littafin zuciya ba ne. Abin da ka saka a can cikin ɓacin rai ya fita hannunka har abada.

Wanda bai iya boko ba fa?

Ba a ce sai da Turanci ba, ba a ce sai da boko ba. Da yawa daga iyayenmu da suka yi makarantar allo suna rubuta Hausa da ajami tsaf, kuma da shi kakanninmu suka yi wasiƙu da lissafin kasuwanci tun kafin zuwan Bature. Mai Fulatanci ko Barbarci ya rubuta da harshen da yake tunani da shi. Wanda bai iya rubutu ko kaɗan ba, zai iya haddace tambayoyin shida ya riƙa amsa su a keɓe, ko ya yi zane mai sauƙi: kowace rana ya ja layi ɗaya idan ranar ta yi sauƙi, biyu idan da dama-dama, uku idan ta yi tsanani. Bayan wata guda, shi da kansa zai ga yadda kwanakin suka jeru.

Wannan ya kawo mu ga wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Idan ka je asibiti, layi ya yi tsawo, likita yana da 'yan mintoci kaɗan a kanka. Ya tambaye ka yaushe abin ya fara, sai ka ce "ya ɗan jima". Amma mai littafi zai iya cewa: kwana 18 ke nan ba na barcin kirki, na daina jin daɗin abinci tun makon da aka yi kaza, ciwon kan yana zuwa ne duk ranar da abu kaza ya faru. Wannan bayani yana taimakon ma'aikacin lafiya ya gane matsalar da wuri.

Inda littafi ya tsaya

Dole mu ja layi a nan da babbar murya. Akwai halin da rubutu ba ya isa, sai asibiti. Idan mutum ya kai mako biyu ko fiye yana cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice, ba ya iya aikinsa, to a kai shi a duba shi. Idan yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko yana zargin ana bin sa za a cutar da shi ba tare da dalili ba, a kai shi. Idan maijego ta daina kula da jaririnta, ko tana yawan kuka, ko tana maganganun da ba a gane ba, a kai ta, kada a tsaya cewa za ta warware da kanta. Idan kuwa mutum ya fara tunanin ya gaji da rayuwa ko yana son ya cutar da kansa, wannan gaggawa ce: ya gaya wa wani a ranar, kuma wanda aka gaya wa kada ya bar shi shi kaɗai, kada ya yi masa faɗa, ya raka shi asibiti.

A fara da asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin tarayya da ke Azare, su za su duba su kuma tura mutum gaba idan da buƙata. Akwai asibitocin koyarwa a Bauchi da Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na tarayya a Maiduguri da Kaduna. Zuwa waɗannan wurare ba abin kunya ba ne. Ɗaure mara lafiya da mari ko dukan sa da sunan magani, wannan shi ne abin kunya.

Haka kuma, wanda ya ga wani mummunan abu, kamar hatsarin mota ko hari ko fyaɗe, idan ya ga rubutu a kai yana tayar masa da hankali fiye da ƙima, ya dakata, kada ya tilasta wa kansa. Wanda kuma ya lura kullum abu ɗaya yake maimaitawa, yana zagin kansa shafi bayan shafi, to littafin ya zama wurin tara baƙin ciki. Shi ya sa muka sa tambaya ta biyar da ta shida a ƙarshe, don kada a rufe littafin sai an rubuta mataki ɗaya da za a ɗauka da alheri uku da aka gani.

Abin da muke roƙo

Na farko, kowa ya gwada na kwana 30 kafin ya ce ba ya aiki. 

Na biyu, malaman makarantun sakandare da na Islamiyya da ke cikinmu su koya wa ɗalibai waɗannan tambayoyi, amma kada su karɓi littafin su duba. Yaron da ya iya faɗin abin da ke damun sa da kalmomi ya fi wuyar faɗawa hannun masu sayar da ƙwaya.

Na uku, ma'aikatan lafiya 'ya'yan wannan yanki, musamman ungozomomi da masu awon ciki, su duba tambayoyin nan su gyara mana inda muka yi kuskure. Mu ba likitoci ba ne, kuma gyaranku abin maraba ne.

Na huɗu, za mu gabatar wa taron ƙungiya na gaba shawarar a buga tambayoyin a ƙaramar takarda, da boko da ajami, a raba kyauta, kuma a gayyato ma'aikacin lafiya ya yi mana bayani a kusa da 10 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware don lafiyar ƙwaƙwalwa. Muna fatan reshen mata zai jagoranci nasa zaman daban, inda mata za su fi sakewa.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, littafin nan ba a yi shi don ya raba mu da juna ba. Manufarsa ita ce mutum ya gane abin da ke damun sa har ya iya buɗe baki ya gaya wa wanda ya dace. Saboda haka idan ɗan uwanka ya zo ya ce yana son magana da kai, ajiye waya ka saurare shi. Kada ka katse shi da "kowa ma haka yake fama". Kada kuma maganar ta wuce kunnenka.

Mun gaji da rubuta sunayen mutanen da aka ce tunani ne ya kwantar da su alhali babu wanda ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Wannan ɗan littafi hanya ce ta dubawar, tun kafin rufin ya rufto.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin shugabanni